Kukan Jar Saniya

A kasuwar Gidan Rumji, wani dattijon Bafulatani yana tsugune gaban teburin Hashimu mai kayan salula. Dogo ne siriri, sandar kiwo na kwance bisa cinyarsa. Amma ƙafafunsa fes suke, ba alamar ya taka garke, kuma wannan ne ya tsaya wa Hashimu a rai.

Ekutar yake gwadawa, abin nan na sawa a kunne, ɗaya bayan ɗaya. Ya sa, ya rufe ido, ya girgiza kai.

"Baffa, baƙar nan ta fi ƙarfi," in ji Hashimu.

"Ba ƙarfi nake nema ba. Tana haɗe muryoyin duka, kamar ruwan sama bisa rufin kwano."

Ba waƙa yake saurare ba. Tsohon bidiyo ne a salularsa, na shanunsa a bakin rijiya. Hashimu bai tambaya ba, don a yankin nan kowa ya san yadda ake wayar gari ba garke.

Da dattijon ya sa wata fara, sai ya tsaya cak.

"Yauwa! Ga jar can baya, tana kiran maraƙinta."

Ya manta inda yake. Ya ɗaga kai ya ƙwala mata kira irin na makiyaya, har masu wucewa suka waiga. Ya jira. Ba abin da ya amsa sai ƙarar injin caji.

A hankali ya cire, ya naɗe igiyar, ya miƙa.

"Tana da kyau, yaro. Riƙe abinka. In na kai ta gida, abinci ba zai ciyu ba."