Lukmanu Mai Kaset da Gurbin Amsa

Lukmanu ɗan Alhaji Nasrullahi ya rasu cikin zafin bazarar bana, Allah ya jiƙansa, ya sanyaya makwancinsa. Wanda bai san shi ba zai ce wani tsoho ne kawai mai farar hula da ke zama a gefen rumfar tura kuɗi a babbar kasuwar Garwa ta Kamaru. Mu da muka ci ƙuruciya tare da shi mun san rumfar nan tasa ce tun ba a haifi masu shagunan da ke kewaye da ita ba, kuma saura ƙiris ya rasa wurin zama a cikinta yana raye.

Kakansa bafatake ne daga ƙasar Kano. Ya zo da jakuna da baƙin rini, ya ga kogin Binuwai, ya ce ya iso. Mahaifinsa ya sayar da yadi a wannan rumfa har ƙarfinsa ya ƙare. Shi kuwa Lukmanu bai gaji ciniki ba. In mai saye ya ce yadi ya yi tsada, sai ya dubi yadin, ya dubi mutumin, ya ce, "Wallahi kuwa ya yi." Da Alhaji ya rasu, yadi bai daɗe ba ya ƙare. Abin da ya rage masa shi ne rumfa, da dogon bencin maɗaci da uban ke zama a kai, da wata rikoda da shi Lukmanu ya sayo a Mubi don jin waƙa.

Rikodar nan ce ta ciyar da gidansa. A wancan zamani babu waya sai a gidan waya, kuma wanda ke da ɗan'uwa a Kuseri ko Bogo ko Duwala ba kullum yake da mai rubuta masa Faransanci ba. Ko an rubuta ma, takarda ba ta dariya, ba ta kuka. Sai mutane suka riƙa zuwa suna zama a kan bencin, su yi magana a bakin rikoda, Lukmanu ya rubuta suna da ajami a jikin kaset, a kai tasha a ba direba. Mahauta, dillalan shanu, matan da aka auro daga nesa, duk sun zauna a bencin nan.

Akwai wasu masu rikoda a kasuwa, amma aikinsa daban ne. Shi ba ya yarda mutum ya zuba gaisuwa kamar mai karanta alƙaluma. Da ka ce "Ina kwana?" sai ya ɗaga maka ɗan yatsa. Dole ka yi shiru, kaset na juyawa, shi kuma yana motsa leɓe a hankali, yana amsawa a madadin wanda ke can nesa. Sai ya ga amsa ta cika, sannan ya sauke yatsa ka ce "Ina gajiya?" Wannan shirun yake kira gurbin amsa.

"Gaisuwa ba wa'azi ba ce," in ji shi. "In uwarka ta kunna, za ta so ta amsa maka. Ka bar mata wuri."

Wata rana wani mahauci ya gaji, ya ce, "Kai Lukmanu, har shirun ma sayar mana kake yi?"

Ya ce, "Shirun ne ma ka saya. Maganarka gyara ce."

Da Fulatanci gurbin ya fi tsawo, don in an fara "Jam na?" ba a san ranar tsayawa ba. Barbarci da Larabcin Shuwa bai iya su ba, amma kunnensa ya san inda tambaya take ƙarewa, yatsan kuma bai taɓa tashi a inda bai dace ba.

Shekarar da aka karya darajar kuɗinmu sefa, ya kwana yana da sana'a, ya tashi batir da sabon kaset sun ninka kuɗi. Ma'aikata sun daina saye, mahauta sun rage yanka, kowa ya ƙanƙame aljihu. Sai ya fara sayen tsofaffin kaset yana ɗora magana a kansu. A nan ne ya yi kuskuren da bai daina jin kunyarsa ba har ya tsufa. An ɗauki ta'aziyya za a kai Bogo, aka yi addu'a, aka shafa. Ashe a wutsiyar kaset ɗin akwai ragowar kiɗan biki da bai goge ba. Ana zaune a gidan makoki, mata na share hawaye, sai kalangu ya ɓarke. Da labari ya dawo Garwa mun yi dariya har muka riƙe ciki, shi kuwa ya yi kwanaki ba ya haɗa ido da kowa. Daga ranar ba kaset da ya bar hannunsa sai ya saurare shi har ƙarshe, ko batir zai ƙare.

Sannan wayar hannu ta shigo. Lukmanu bai yi faɗa da zamani ba, ya dai yi ta binsa a baya kamar mai bin motar da ta tashi. Ya kafa lema ya sa wayoyi biyu ana biya a kira. Bai daɗe ba kowa ya mallaki tasa. Ya koma cajin waya, kuran, wato wutar lantarki, ya riƙa ɗaukewa. Ya gwada sa wa matasa waƙa a memori, ido ya ƙi, yatsa ya ƙi, yaran layin kuma sun fi shi sauri. Matarsa Ramatu ta fara suyar ƙosai a ƙofar gida. Kullum da safe za ta ajiye masa nasa a faranti, ya ci yana yabon daɗinsa, amma mun san yadda yake wuce masa a maƙogwaro.

Da rikici ya toshe hanyoyin iyakar Najeriya, naira kuma ta faɗi, kasuwa ta mutu murus. Sai mutum ya wuni a rumfa bai ga mai tambayar ko farashi ba. A lokacin ne autansa Taufiƙ, wanda ya gama lise, wato sakandare, bai sami aiki ba, yana ta haya da babur ɗin wani, ya same shi bayan sallar magariba.

"Baba, ka ba ni rumfar nan in yi tura kuɗi ta waya. Shi kaɗai ne ke tafiya yanzu."

"To, ai ga ta nan. Ka zo ka zauna kusa da ni."

"Ba haka ake yi ba, Baba. Sai an sa kanta da gilashi da ƙarfe. Wurin ba zai ɗauki kanta da benci ba."

Lukmanu ya jawo carbinsa yana ja. Ramatu daga bakin murhu ta ce, "Malam, yaron nan gaskiya ya faɗa. Ƙosai ba zai aurar da shi ba."

Ya san gaskiya ce. Abin da ya kasa faɗa musu shi ne, in benci ya fita, shi ma ya fita. Ya ga yadda ake yi da sa'o'insa da suka bar kasuwa. Mutum zai koma zaure da lafiyarsa ƙalau, a fara gaishe shi da "ya jiki?", tun yana cewa lafiya lau har jikin ya yarda da masu gaisuwa. Amma ya dubi ɗansa, ya ga yadda rana ta ƙona masa wuya a kan babur, ya ce, "Bayan Sallah ka kira kafinta."

Ana saura 'yan kwanaki Sallah, Taufiƙ na cikin rumfa yana awo da igiya, sai ga Malum. Malum tsohon dillalin shanu ne, Babarbare mutumin Kuseri, wanda ya zauna a bencin nan sau ba adadi a zamanin kaset. Mijin yayarsa Hassana ya rasu a can, hanya ba daɗi, kuɗin mota ma ya fi ƙarfinsa. Ya kira ta a waya, rezo, wato layin waya, na yankewa, ita kuma kunne ya yi nauyi, suka yi ta "iye? iye?" har kuɗin ya ƙare.

Ya ce, "Lukmanu, fito da rikodarka."

"Malum, ko na fito da ita, wa ke da abin kunnawa a Kuseri yau? Sai dai su dafa kaset ɗin su sha romo."

Taufiƙ ya ajiye igiya, ya karɓi babbar wayar da 'ya'yan Malum suka saya masa. Ya ce, "Baba Malum, ai da sauƙi. Jikarta Habiba tana da waya. Ka danna nan ka yi magana, yanzu zai je."

Malum ya danna. Ya yi sallama, ya dubi gilashin wayar, ya ga fuskarsa a ciki, bakinsa ya mutu. Mutumin da ke iya sayar da ramammiyar saniya da zaƙin baki ya kasa haɗa kalma biyu.

"Abin nan ba ya kallona," in ji shi.

Lukmanu ya matsa gefe, ya buga benci da tafin hannu. "Zauna nan. Taufiƙ, kai riƙe wayar. Malum, ni za ka kalla."

Malum ya zauna, ya gyara riga, ya yi gaisuwar farko da Barbarci. Yatsa ya tashi. Taufiƙ ya ji shiru, ya ɗauka an gama, ya saki, saƙo ya tafi da gaisuwa ɗaya tal.

"Wa ya ce ka saki?"

"Na ji ya yi shiru, Baba."

"Shi ya yi shiru. Ita tana magana. Riƙe."

Taufiƙ ya riƙe. Aka sake daga farko. Malum ya gaishe ta, ya tambayi haƙuri, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya yi addu'a, Lukmanu na ɗaga yatsa yana saukewa, leɓensa na motsi. Hannun Taufiƙ ya gaji, ya canja zuwa ɗayan.

Da yamma Habiba ta rubuto cewa rezon Garwa ya lalace, saƙon sai yankewa yake yi, a sake aikowa. Washegari kuwa sai ga hoto mai motsi, ta ɗauka da wayar ƙawarta don a yi dariya, har ana jin ƙyaƙyatawarta a baya. Ga tsohuwa Hassana a kan tabarma, ta gyara lulluɓi kamar baƙo ya shigo, ta riƙe waya da hannu biyu. Malum na tambaya, tana amsawa, yana tambaya, tana amsawa, ba wanda ya taka maganar wani. Da aka zo wajen haƙuri ba ta ce komai ba. Ta sa bakin mayafi ta share ido, gurbin kuma ya ishe ta har ta gama. Daga nan dariyar Habiba ta tsaya.

Malum ya yi ta yawo da hoton nan a kasuwar shanu. Kafin Sallah tsofaffi sun fara dawowa benci da wayoyin 'ya'yansu a hannu. Har Germaine mai kifi ta bakin gada ta zo, wadda tsohuwarta ke can kudu. Ba wani kuɗi suke bayarwa ba. Wani goro, wani busasshen kifi, wani addu'a kawai. Lukmanu ya san wannan ba zai biya kuɗin rumfa ba, bai kuma ce wa ɗansa a fasa ba. Magana ya riga ya yi ta.

Ranar da kafinta zai zo bai fita ba. Ya yi wanka, ya sa rigarsa ta kasuwa, ya shimfiɗa buzu a zaure ya zauna. Ramatu ta leƙo.

"Malam, yau ba fita?"

"Ina koyon zama ne."

Ta koma ciki, aka daɗe ba a ji motsin kwano ba.

Bayan azahar babur ya tsaya a ƙofa. Taufiƙ ya shigo da garin katako a gashinsa. "Baba, taso. Mutane na jira."

"Wane mutane? Ai kai suke jira."

"Ni kuɗi nake turawa. Waɗannan surutu suka kawo."

Da suka isa, da ƙyar ya gane rumfar ubansa. An shafa fenti, an kafa kanta da gilashi da ƙarfe. A gefe, tsakanin kanta da bango, ga benci an datse shi, an bar daidai zaman mutum biyu. Ɗaya rabin ya zama katakon saman kanta. Lukmanu ya sunkuya ya shafa wurin da zarto ya bi, jan maɗacin ya fito sabo kamar ba a taɓa zama a kansa ba.

"Ka yanke wajen da kakanka yake zama."

"Na bar wajen da kai kake zama."

"Da izinin wa?"

"Baba, ko ka zauna, ko in ce wa kafinta ya yi mini kujera da shi."

Wata tsohuwa Bafulatana da ke tsaye da waya a ƙulle cikin gefen zane ta ce, "Ku gama faɗanku, ƙafata ta gaji." Sai ya zauna, ya matsa mata.

A nan ya ƙarasa shekarunsa. Bai yi arziki ba. Ramatu ba ta daina suya ba, kasuwa ma ba ta koma yadda take ba, wata rana Taufiƙ ya samu, wata rana su tashi hannu wofi su biyun. Amma kullum da safe Lukmanu zai sa hula, ya hau bayan ɗansa a babur yana yi masa faɗan gudu, ya sauka a bakin layi ya gaisa da kowa tun daga masu albasa har rumfa. Gwiwarsa na gogar bango in ya zauna, yana ta ƙorafi a kai, kuma da za a ba shi kujerar gwamna ba zai musanya ba.

Ranar Laraba yana kasuwa, har ya tsokani Malum a kan hularsa. Da yamma ya ce kansa na sarawa. Ranar Alhamis muka kai shi makwancinsa. Mahauta suka rufe teburansu, dillalan shanu suka zo da ƙurar kasuwar shanu a ƙafafunsu, Germaine ta tsaya daga nesa da ɗankwali a ka har aka watse.

Ni dai har yau ban iya bi ta layin nan ba. In zan shiga kasuwa sai in zagaya ta wajen masu tumatir, ko da ya fi nisa. Allah ya gafarta wa Lukmanu, ya ba Ramatu da yara haƙuri, mu kuma ya ba mu namu.