Baƙo a Kan Turmin Inna Safa

Ga wani baƙo a tsakar gidan Inna Safa a Gummi, dogo kamar an ja shi da igiya, wando bai kai idon sawu ba, ga tsinken tsintsiya a baki.

An ɗauko shi ne ya saita wata 'yar na'ura mai ƙaho biyu ta zama gada, ta ɗebo intanet daga shagon Labbo na tsallaken titi ta shigo da shi gida, don Inna ta ga jikarta sabuwar haihuwa ta waya.

Yana latse-latse, yana tsikarar na'urar da tsinke, shiru kake ji. Da ya hau turmi ya ɗaga ta bisa kai, sai fitila ta yi kore. Wataƙila uwarsa na can birni tana gaya wa mutane ɗanta injiniya ne.

"Ga ta nan!" Inna ta ƙwala ihu. "Kak ka motsa, ɗan nan!"

"Inna, hannuna ya gaji. Bari in kafa ƙusa."

"Ƙusa ta jira. Yanzu aka ɗora ruwan wankanta, ni ko sai na ga an shafa mata mai."