Sunan da Za a Rubuta a Kan Kek

Akwai abin da ya same ni a sana'ar kek wanda in dai ina numfashi ba zan manta da shi ba. Kira biyu ne aka yi mini a waya cikin shekara guda. Na farko ya tafi da jarina, na biyun kuwa ni ce na yi ɓarna a cikinsa da bakina. In na ba mutane labarin sun fi tausaya mini a kan na farko, ni kuwa na biyun ne har yau yake hana ni sakewa.

A lokacin shekarata uku da fara yin kek a Ƙaura. A tukunya nake gasawa, in zuba yashi a ƙasanta in ɗora kan gawayi, in tsaya a kai kamar mai jinya. Wutar lantarki ba ta zama, zafi kuma ba ya raga wa aisin ɗin da ake shafa wa kek, sai ka gama ado ka juya ka tarar fure ya kwanta. Masu saye yawanci ɗaliban Poli ne da amare, sai masu walimar sauka jefi-jefi. Da hanyoyi suka lalace saboda 'yan bindiga biki ya ragu, wanda ma za a yi sai a yi shi a gurguje. Na gaji matuƙa, abin da kawai ke riƙe da ni shi ne ɗan abin da nake tarawa don in sayi obin na gas in huta da hayaƙi. Saura ƙiris ya cika.

Mahaifiyata, Inna, tana wurina a shekarar. Daga Shinkafi ta zo ganin likita, muka hana ta komawa saboda hanya. Ba ta cin kek, ta ce burodi ne da aka yi wa kwalliya don a cuci mutane, amma kullum tana zaune bakin ƙofar kicin tana kallon aikina.

Wata rana da hantsi ina kwaɓi waya ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Hannuna duk bota, sai na danna da gwiwar yatsa na sa ta a sifika. Muryar namiji ce mai taushi, ya yi sallama cikakkiya, ya tambayi maigida da yara, ya kira ni Hajiya alhali ko filin jirgi ban taɓa gani ba. Ya ce shi mutumin Zurmi ne amma aiki ya kai shi birni, 'yarsa ta fari ta sauke Alƙur'ani, yana son kek mai hawa uku, direba zai zo ya ɗauka ranar Juma'a. Na faɗi kuɗi har da ɗan ƙari, ina jiran ya nemi ragi. Bai nema ba. A garin nan ko ƙaramin kek mutum zai saya sai ya ja da kai har ka ji kunya, amma ni a ranar daɗi kawai na ji.

Na tambayi sunan da za a rubuta. Ya faɗe shi tiryan-tiryan, ya maimaita, ya jero mini haruffan. Ya ƙara da cewa, "Ita ce ta farina, Hajiya, hasken idona ce. A yi mata abin da za ta yi alfahari."

Yana kashewa Inna ta ce, "Ke, wane irin uba na wanga, da ka hwaɗin sunan ɗiyatai ta hwari haka nan kamar mai tallar goro?"

Wanda bai tashi a wajenmu ba zai ga tambayar ba ta da kai. A wurin iyayenmu ɗan fari abin kunya ne. Ba a kiran sunansa, ba a yabonsa a gaban mutane, wani ma ko ɗaukarsa ba ya yi sai in ba kowa. Mahaifina har ya rasu ban taɓa jin sunan babban yayanmu a bakinsa ba, sai dai ya ce "wancan yaron". Na san duk wannan. Amma na yi dariya na ce, "Inna, ɗan boko ne, zamani ya canza." Ta taɓe baki ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Ba a jima ba saƙon alat na banki ya shigo, kuɗin ya kusa ninka abin da muka yi. Ina cikin mamaki ya sake kira, yana ta ba da haƙuri, wai yaron ofis ne ya haɗa da kuɗin lemo da na direba, in taimaka in tura rarar zuwa asusun direban. Na gwada duba asusuna a waya, ya ƙi buɗewa. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu, sabis ya saba yi mana haka, mun saba karɓar saƙo a matsayin shaida mu jira kuɗi su bayyana daga baya. Mutumin ya kira sau uku cikin awa guda, kowane kira da addu'a yake buɗewa. Kunya ta kama ni, kada bawan Allah ya ɗauka zan riƙe masa haƙƙi. Na ɗauko kuɗin obin daga ƙasan akwati, na yafa mayafi na tafi wurin mai POS na tura. Ragowar na sayo fulawa da bota da ƙwai.

Kwana biyu na yi a kan kek ɗin nan. Fari da kore na yi shi, na zana allo a hawan sama, na rubuta sunan da ruwan zinari. Ban taɓa yin wanda ya kai shi kyau ba. Ranar Juma'a na jera shi a kwali tun safe ina jiran direba. Aka sauko masallaci, aka yi la'asar, shiru. Na kira lambar, a kashe. Na kira har batir ya mutu. Ranar Litinin da na je banki wata ma'aikaciya ta duba ta ce ko sisi bai shigo ba, saƙon da na gani ƙirƙirarsa aka yi. Ba ta ma yi mamaki ba, da alama ta gaji da ganin irina.

Na dawo gida na sa wuƙa na kankare sunan, na yanka kek ɗin na raba wa maƙwabta kafin ya lalace. Inna ba ta ce mini "na gaya miki" ba, ni kuwa da ta faɗa da na fi samun sauƙi. Daga baya na ji an yi wa wata mai kek a Shinkafi irin wannan, da wata a nan cikin gari, duk da labarin walima da direba.

Na koma kan tukunya da yashi, amma ba ni ce ta da ba. Duk baƙuwar lamba sai in ɗauka da faɗa a bakina. Na ƙirƙiro wa kaina alamomin ɓarawo: daga wani gari yake kira, bai nemi ragi ba, yana da ladabi. Maigidana ya ce in na ci gaba a haka zan kori na kirki tare da na banza. Na ce su tafi duka, na gaji.

Bayan kaka, ranar kasuwa, wata baƙuwar lamba ta kira. Na sa a sifika kamar kullum. Hayaniyar kasuwar hatsi ce ke tashi a bayan muryar, muryar kuma ta dattijo ce, tana ɗan rawa.

"Salamu alaikum. Ɗiyata, ke ta mai yin abin ga na walima? Daga Zurmi nike. Yarinyar wajena ta yi sauka."

Zurmi kuma, sauka kuma. Na faɗi kuɗi a daƙile. Ya ce, "To, ba komi." Bai nemi ragi ba. Na ce a raina, ga su nan sun dawo, sun canza murya. Na ce bari in kama shi da hannu, na tambaye shi sunan da za a rubuta.

Ya yi shiru. Ya yi gyaran murya. "Yarinyar dai. Babbar."

"Baba, suna nake tambaya."

"Ki dai sa... ai ita ɗai ta yi saukar. Tsaya in samo wani shi hwaɗa miki." Na ji yana ɗaga murya yana tambayar ko wani mutumin garinsu na kusa.

A nan na fashe. Duk abin da na haɗiye wata da watanni na juye wa mutumin nan. Na ce tsoho da shi bai ji kunyar sata ba, ko sunan 'yar ƙaryar ma bai tanada ba. Na ce ya gaya wa masu aiko shi wannan karon ba su samu ba. Na kira shi ɓarawo, ba sau ɗaya ba. Bai katse ni ba har na gama. Sannan a hankali ya ce, "Allah shi ba ki haƙuri, ɗiyata." Ya kashe.

Na juyo ina huci, ina jiran Inna ta yaba mini. Ta ajiye tiren da ke cinyarta ta dube ni.

"Wancan ya hwaɗi suna kin ba shi kuɗɗi," in ji ta. "Wanga ya ji kunyar suna kin ba shi zagi."

Na rarumi wayar na kira. Wani mai awon gero ne ya ɗauka, ya ce dattijon aron wayarsa ya yi, kuma ya riga ya nufi tasha don ya samu motar Zurmi kafin yamma ta yi, hanya ta zama abin tsoro. Bai san sunansa ba.

Bayan kamar kwana goma wata malamar makarantar Islamiyya da ta saba sayen kek a wurina ta zo gidan. Muka gaisa, ta ƙi zama. Ta ce dattijon yayanta ne, ita ta ba shi lambata. Manomi ne, gonarsa ta nesa ta gagara zuwa shekara biyu, ɗan abin da ya samu a ta kusa da gari ya ɗebo ya kawo kasuwa ya sayar. Ya taɓa ganin kek a walimar 'yar wani malami, ya ga yadda yarinyar tasa take kallonsa, ya riƙe abin a ransa. Ranar da ya kira kuɗin na aljihunsa, niyyarsa in kwatanta masa gida ya kawo da hannunsa.

"Ya ce in ba ki haƙuri," in ji malamar. "Ya ce halama shi na bai iya magana da mutanen birni ba."

Na roƙe ta ta bar ni in yi kek ɗin kyauta, ni zan biya motar da za ta kai. Ta ce an yi walimar tun ranar Asabar, da waina da alkaki, kuma ya ce kada a sake tayar da maganar, bai so yarinyar ta ji. Na ce to ko sunan ta gaya mini. Ta faɗa, suna ne gajere, haruffa biyar, da rubuta shi bai ɗauke ni minti biyu ba.

Yanzu ina da obin, shekara biyu na ƙara kafin na same shi. Ba na kunna wuta sai na ga kuɗi a asusu da idona, ba na mayar wa kowa rara, ko da ayar Alƙur'ani ya buɗe magana. Wannan darasin mai sauƙi ne, kuɗi kawai ya ci. Mai wuyar shi ne na gane cewa macuci ya fi mai gaskiya iya magana, domin shi ya shirya tasa tun daga gida, kuma in ya cuce ka ya wuce, haushin a kan wanda bai ji ba bai gani ba kake saukewa. Shi ya sa in dattijo ya kira na tambayi suna na ji ya yi shiru, ba na matsa masa. Sai in ce, "Baba, ba komai, a ba gwaggonta wayar." Sau da yawa nakan ji ajiyar zuciyarsu. Shi dai wancan dattijon na Zurmi bai sake kira ba, kuma har yau ban samu na ba shi haƙuri da bakina ba.