Kifin Gwaggo da Allon da Bai Jin Yarenmu

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, ni da wani abokin aikina, muka nufi Bauchi ta hanyar Ningi. Gwaggona ce ta kira. Tana da ɗakin sanyi na kifi a unguwar Fadaman Mada, allon da ke juya wuta tsakanin sola da batir ya ƙone, ta sayo sabo. Sai an zuba masa shirin kwamfuta da na rubuta zai tashi, ƙanƙara kuma ta fara narkewa.

Kuɗin mota ya hau, ramukan hanya kuwa suna nan yadda na bar su. Abokina barci ya yi ta shara har muka shiga gari.

Tun a gida na haɗa abin da muke kira kuros-kwamfaila, wato tafintan da ke zaune a kwamfutata yana mayar da shiri zuwa yaren ƙwaƙwalwar wata na'ura. Muna isa na zuba. Shiru. Da na kwance murfin allon sai na ga matsalar: akwatin iri ɗaya ne da tsohon, ƙwaƙwalwar ciki kuwa wani jinsi ce daban.

"Gwaggo, yaya kika saye shi?"

"Tsohon na ɗauka na kai kasuwar Wunti, na ce a ba ni irinsa. Ba ga shi shuɗi ba, ɗan nan?"

Gaskiyarta, shuɗi ne. Dole na sake haɗa wani tafintan da kayan da zan sauko daga intanet, netiwok kuma sai a bakin ƙofa yake kamawa. Nan na tsuguna, kwamfuta a cinya, ƙarnin kifi na ƙaruwa, Gwaggo na leƙa ɗakin tana salati. Ta aiko da masar Bauchi da miyar taushe, wallahi ban ji ɗanɗanonta ba, abokina ne ya share kwanon. Karon farko shirin ya ƙi haɗuwa, ashe tarin umarnin tsohon allon yake jawowa. Na gyara, na sake zubawa.

Wajen la'asar injin sanyin ya yi tari, ya kama. Gwaggo ta danna kifin da yatsa, ta ce da sauran tauri. Sai a lokacin na ji ƙafafuna sun yi tsami.

Washegari muka dawo Kano lafiya, alhamdulillahi. Yanzu duk wanda ya kira ni aiki, kafin in tambayi kwatancen gidansa sai ya buɗe murfi ya turo mini hoton cikin.