Keken Kwancen da Yayana Ya Ƙera Mini

Akwai abubuwan da shekaru suke shafewa a zuciyar mutum har ya neme su ya rasa. Koyon keken kwance da na yi a hannun yayana, Allah ya jiƙansa, ba ya cikinsu. Na san ba zan manta da shi ba har ranar da ni ma za a ɗauke ni.

Ni manomin rani ne. Gonar da mahaifinmu ya bari tana bakin magudanar ruwan Bakolori ta wajen hanyar Bakura, ni kuma ina zaune a Talata Mafara. Shekara da shekaru da keke nake zuwa, har wata rana na sunkuya zan ɗaga buhun albasa na ji wani abu ya tsinke a bayana. Na yi wata biyu a kwance. Da na miƙe, likita ya hana ni doguwar tafiya a sunkuye kan keke. Babur kuwa da zarar ya faɗa rami sai in ji zafin ya sauka har tafin ƙafata. Masu aikin gona ba su da wuyar samu, amma noman rani yana son idon mai shi. Ranar da aka sako ruwa, in ba ka nan, sai dai ka ji labari. Lokacin dashen albasa ya matso, dangi suka fara cewa a ba wani gonar ya noma. Ba su yi ƙarya ba. Amma ni ban san wata sana'a ba, kuma a wannan gonar na koyi riƙon fartanya.

Yayana mai walda ne, rumfarsa tana kusa da kasuwa. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, kuma har furfura ta fito mini bai daina kirana Auta ba. Duk zaman da aka yi kan gonar bai ce uffan ba, har na ji haushinsa a raina. Ashe wani direba da ya kawo masa gyara ya nuna masa wani irin keke a waya, wanda ake tuƙawa a kishingiɗe. Ya kalla ya sake kallo, sannan ya nemo tsofaffin kekuna biyu ya yanka.

Ranar da ya aiko in zo, na tarar da abin a jingine. Tayar gaba ƙarama, ta baya babba. Maimakon sirdi ya yi kujera mai majingina, ya saƙa ta da igiyar roba. Feda tana can gaba, sama da ƙaramar tayar, ga wata doguwar sarƙa da ya haɗa daga sarƙoƙi uku.

Na ce, “Yaya, wannan kuma mine ne?”

Ya ce, “Ƙafarka ce. Zauna in gani.”

Na zauna na jingina, kuma tun da na ji ciwon ban taɓa zaman da bayana ya yi shiru irin wannan ba. Ya sa na ɗora ƙafa kan feda na miƙe ta. Ya ce ta miƙe da yawa, gwiwa tana son ɗan lanƙwasa ko da feda ta kai ƙarshe. Ya kwance kujerar ya matso da ita gaba. Sau huɗu yana matsarwa kafin ya gamsu. Majinginar kuma ya ɗago ta sosai, ya ce sai na saba zai riƙa kwantar da ita kaɗan-kaɗan.

Muka fara koyo a wani fili a bayan gari, kullum bayan la'asar. Na ɗauka wanda ya shekara talatin a kan keke ba sai an koya masa ba. Ina! Duk abin da jikina ya sani, a nan cutarwa yake yi. Ina son in tura da ƙafa ɗaya in ɗare, babu hali. Ina son in sunkuyo gaba, da na ɗaga bayana daga kujerar sai keken ya fara rawa. Yayana yana riƙe da majinginar ta baya yana binmu da sassarfa.

“Ka saki kafaɗunka, Auta. Ka damƙe kan keken nan kamar wanda zai yanka sa. Riƙe shi kamar ƙwai.”

Ranar farko ma bai bar ni na taɓa feda ba. Wata 'yar gangara ya samo, in sauko ƙafafuna suna kusa da ƙasa, in kama birki, in tsaya. Sai a rana ta uku ya nuna mini tashi: in kama birki, in kawo feda ɗaya sama, in ɗora ƙafar da ta fi ƙarfi, in saki birki in tura da gaske, sannan ɗayar ta biyo. Ya ce rabin turawa shi ke kayar da mutum. Kuma kada in kalli ƙafafuna.

“Ƙafafunka ba za su gudu ba. Dubi itacen kukar can, inda idonka ya tahi nan keken zai tahi.”

A lokacin ban lura da yadda yake tsayawa ya dafa gwiwa yana mayar da numfashi ba. Ko kuma na lura, na ɗauka tsufa ne. Mutumin da ya haura sittin, yana bin ƙato a guje cikin yashi, ni kuwa hankalina yana kan bayana kaɗai. Wannan yana cikin abubuwan da har yau nake juyawa a raina.

Da zan fara fita titi ya ƙara abubuwa uku. Ya ɗaura madubi, domin wanda ke kishingiɗe ba ya iya waiwaye. Ya kafa doguwar sanda a baya da jan ƙyalle a samanta, ya ce keken ya yi ƙasa, direban babbar mota ba zai gan ni ba sai ya ga tutar. Ya kuma kawo hular kwano. Na ce wannan kam a bar ta, abin dariyar ya isa haka. Ya ce to a bar keken ma. Na sa.

Dariya kuwa na sha ta. Mahautan bakin kasuwa, waɗanda dama akwai wasa tsakaninmu, su suka fi kowa. Wani ya ce, “Jama'a ku ba da hanya, gado ya fito yawo!” Wani ya ce, “Malam, in tafiya za ka yi ka tashi, in barci ne ka koma gida.” Ina murmushi, amma tana cina a ciki.

Abin da ya karya ni ya faru ne wata ranar Talata, ranar kasuwar garinmu. Na fito ni kaɗai a kan hanyar da ke bin magudanar ruwa, ina jin na ƙware. Ina shan kwana sai ga surukina, mahaifin mai ɗakina, ya zo daga garin Kaya cin kasuwa, yana zaune a gindin bishiya tare da wasu dattawa biyu. Wanda ya san mu ya san abin da wannan yake nufi. Tunda na auri 'yarsa ban taɓa gaishe shi a tsaye ba, ban taɓa isa gabansa da takalmi ba. Ga ni yau a kishingiɗe kamar mai mulki, tafin ƙafafuna biyu sun nufi fuskarsa. Kaina ya ɗaure. Na manta da birki, na manta da duk abin da aka koya mini. Jikina ya yi abin da ya saba: na sauke ƙafafu zan durƙusa alhali keken yana tafiya. Ƙasa ta kama ƙafata ta dama ta ja ta ƙarƙashin kujerar, keken ya juya, muka gangara tare cikin taɓon gefen ruwa. Kaina ya bugi bakin siminti, hular ta tsage.

Dattawan ne suka fito da ni. Surukina yana ta salati, ni kuma ina ƙoƙarin gaishe shi da taɓo a baki. Allah ya kiyaye, bayan bai taɓu ba, sai targaɗe a idon sawu. Amma kafin magariba labarin ya zaga gari. Na sa aka mayar wa yayana kekensa, na ce a gaya masa na gode, gonar ma a ba wanda za a ba.

Kwana tara ban taka rumfarsa ba. Ya aiko sau biyu na ce ƙafa ce, alhali ta warke tun a kwana na huɗu. A rana ta goma da la'asar ya zo da kansa, yana turo keken, da wata 'yar kujerar katako ɗaure a baya. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce, “Laifina ne. Na koya maka tashi da tsayawa, ban koya maka gaisuwa ba. Taso.”

A filin nan ya ajiye kujerar ya zauna, ya naɗa tawul ɗinsa a kai kamar rawani, ya ɗaure fuska. Ya ce, “Ni ne surukinka. Taho.” Na yi dariyar da rabona da ita tun kafin ciwon. Ya tsara mini abin daki-daki. Tun daga nesa in daina tura feda. In kama birki a hankali har keken ya tsaya cak, da sauran kamar taki goma, in kuma karkatar da gabansa gefe yadda ƙafafuna ba za su nufi mutum ba. Sai keken ya tsaya sannan ƙafa ta taɓa ƙasa. In ɗago in zauna sosai, in miƙe, in jingine shi, in tuɓe takalmi, sannan in ƙarasa.

Na yi na farko, na durƙusa gabansa.

“Baba, ina wuni?”

“Lahiya lau. Ina gajiya? Ina iyali? Ina ɗiyata, kana dai ba ta abinci ko?”

“Yaya, don Allah!”

“Wane ne yayanka? Koma ka sake, ƙafarka ta riga birki sauka.”

Ban ƙirga ba, amma mun yi ya fi sau ashirin. Kowane zuwa sai ya ja gaisuwar har ƙarshe, ya tambayi gona, ya tambayi ruwa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Can cikin wasan na gane cewa tunda na girma ban taɓa durƙusawa na gaishe shi haka ba, shi da ya yi mini abin da uba yake yi. A zuwan ƙarshe ban yi da wasa ba. Ina jin ya gane, domin ya cire tawul ɗin ya dafa kaina ya ce, “Allah ya yi maka albarka, Auta,” ya tashi yana kakkaɓe riga.

Talatar da ta biyo baya na sake haɗuwa da surukina a wuri ɗaya. Na yi yadda aka koya mini ba tare da na tsallake ko ɗaya ba. Da muka gama gaisawa ya ce, “Yauwa. Gaisuwar da za ta karya maka baya, ɗiyata za ta yi jinyarta. In ka gan ni ka tsaya da kyau tukuna, ni ba inda za ni.”

Na isa gona saura kwana kaɗan lokacin dashe ya wuce. Yayana ya raka ni a kan tsohon babur ɗinsa, yana bina a baya a hankali tun daga gari. Na sauka bayana lafiya lau. Ya zauna a kan kunyar gona yana kallon ruwa yana shiga fangalin da za a dasa albasa. Daga ranar ba wanda ya ƙara tayar da zancen ba da gonar.

Bai ga albasar ba. Kafin ta ƙosa ciwon ƙirji ya kwantar da shi, kwana shida Allah ya karɓi abinsa. Mai ɗakinsa ta ce ya daɗe yana jinsa, ya hana a faɗa.

Abin da na koya bai da yawa, amma da tsada na same shi. Daga ranar da ya kira ni rumfarsa zuwa ranar da muka kai shi makwancinsa, kwanakin ƙidayayyu ne, ni kuma na ɗebi tara a ciki na zubar saboda kunyar mutanen da yau ko tuna faɗuwar ba sa yi. In Allah ya ba ka mai tsaya maka, kada ka bar shi yana jira don gudun dariyar wasu. Dariya tana wucewa, kuma su masu yinta suna nan. Shi ne ba ka san kwana nawa ya rage maka da shi ba. Allah ya jiƙan yayana, ya sa ya huta.