Ƙudan Zuma a Wuyan Kyaftin Midhat

A ƙauyensu Kyaftin Midhat, kusa da garin Tanta, arewa da Alƙahira, ba a tambayar mutum girman gonarsa, yawan amyarsa ake tambaya. Mahaifinsa, Hajji Baiyumi, ya tsufa cikin ƙudan zuma bai taɓa sa safar hannu ba. Tun Midhat na yaro tsohon ke kama hannunsa ya cusa cikin amya, in an harbe shi ya yi kuka a ce masa, "Kuka kuma? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Yaron ya girma ya zama matuƙin jirgin dakon kaya, sai ga shi Allah ya sake haɗa shi da abin da ya baro a gida: kamfaninmu ne ke kwasar ƙudan zuman yankin, da ransu, zuwa Saudiyya.

Ni ne Gabir, mai ɗaure kaya a jirginsa tun gashina bai yi fari ba. Jirgin tsoho ne mai farfela, ga ƙara, ga ƙofar ɗakin matuƙa da ba ta rufuwa sai an sa mata kafaɗa. Amma masu kiwon zuma ba su yarda da kowa ba sai Midhat. Zafi ke kashe ƙudan zuma a cikin akwati, kuma an taɓa samun matuƙin da ya bar su a rana yana jiran izinin tashi har wahalar ƙauye guda ta zama shara. Midhat kuwa zai bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya, ya kara kunne a jikin ragar waya, ya sa a yayyafa ruwa, ya yi rigima da duk wanda ya nemi ɓata masa lokaci. Hajji Baiyumi in yana shan shayi da sa'o'insa ba ya da zance sai, "Ɗana ne ke kai su."

Bara, a lambun tsohon, wani ƙuda ɗaya tak ya harbi Midhat a hannu. Muka shiga mota za mu koma Alƙahira, ba mu yi nisa ba na ga leɓensa ya kumbura, numfashinsa na fita kamar ta cikin tsinke. Da ƙyar na kai shi asibiti. Likita ya ce jikinsa ya daina ɗaukar dafin, harbi na gaba zai iya toshe masa maƙogwaro kafin a ce kwabo. Ya ba shi allurar da zai riƙa yawo da ita a aljihu. Midhat ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba, musamman Hajji.

Ana nan kamfani ya sayo sabon jirgi, ƙato, mai kai ƙunshin kaya Turai, wanda ba ya ɗaukar abu mai rai. Suka yi wa Midhat tayin ya je ya koyi tuƙinsa. Kowane mai hankali zai ce Allah ne ya buɗe ƙofa. Shi kuwa sai ya shiga kwana-kwana.

"Da furfurata zan koma ɗan makaranta, ya Gabir?"

"Ba makarantar kake tsoro ba, ya Basha. Tsohonka kake tsoro," na ce. Basha muke ce masa don girmamawa.

"Me zan ce masa? Ɗan Baiyumi ya gudu saboda ƙuda?"

"Sai ka ce masa ɗan Baiyumi na son ya rayu. Sabo turken wawa ne, wallahi."

Ya harare ni, ya ce in je in duba igiyoyina. Haushi ya ishe ni, don ina ƙaunar mutumin nan, kuma taurin kansa ya fi ƙarfin bakina. Kamfani na jiran amsa, shi kuma kullum sai ya ce bari kakar zuma ta wuce.

Ran da abin ya faru mun tashi da sassafe, jirgi maƙare da akwatuna, za mu garin Ɗa'if a Saudiyya. Mataimakin matuƙi Shukri ne, ɗan birni mai tumbi da son barkwanci, wanda ko sauro ya gani sai ya nemi takalmi. Mun fara gangarowa kan duwatsu iska ta ɗaga mu ta maka. Na ji wani ƙas daga baya. Na je na tarar akwati ɗaya ya tsage a kusurwa, ƙudan zuma na ta bulbulowa. Na tuɓe rigata na toshe, na naɗe da salatif, na sha harbi uku ban ko tsaya sosawa ba. Amma waɗanda suka fita sun fita, kuma ƙudan zuma haske yake bi. Hasken da ya fi kusa yana ɗakin matuƙa, ta ƙasan ƙofar nan.

Da na shiga sun kai goma, suna karo da gilashi. Shukri ya naɗe takarda ya ɗaga.

"Ajiye!" in ji Midhat. "In ka murƙushe ɗaya, warinsa zai kira sauran."

"To in yi musu maraba ke nan? In kawo musu shayi?"

"Ka rage zafin ɗakin, ka daina kaɗa hannu."

Muryarsa ba ta yi rawa ba, amma ina ganin gumi na bin bayan kunnensa. Hasumiyar filin jirgi ta ba mu izinin sauka. Iska na bugun jirgin ta gefe, shi yana riƙe da sitiyari da hannu biyu. Sai ɗaya ya baro gilashi, ya yi shawagi, ya sauka a kwalar rigarsa. Ya taka a hankali ya hau fatar wuyansa, ya tsaya daidai inda jijiya ke bugawa.

Na zura hannu a aljihunsa na zaro allurar, na cire murfin. Shukri ya kalli allurar, ya kalle ni.

"Wannan fa ta mece ce?"

"Gabir," in ji Midhat, ba tare da ya motsa wuya ba. "Ka rantse."

"Na rantse, zan kuma yi kaffara. Shukri, in abin nan ya harbe shi numfashinsa zai ɗauke. Karɓi jirgin."

Shukri ya yi fari fat, barkwanci ya gudu. Ya ɗora hannu a nasa sitiyarin, amma bai isa ya karɓa ba sai kyaftin ya saki. Titin sauka na ta girma a gabanmu. Midhat bai saki ba.

"Ya Basha," na ce, "wuyan naka ne, mun ji. Amma mu uku ne a cikin jirgin nan, kuma Shukri 'ya'yansa mata huɗu."

Sai na ga yatsunsa sun buɗe ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora tafukansa a kan cinya.

"Jirgi naka ne, Shukri."

Shukri ya sauke mu da ƙarfi har haƙorana suka haɗu. Ƙudan ya girgiza, ya buɗe fiffike, ya koma gilashi abinsa. Midhat bai tashi daga kujera ba sai da aka kwashe akwati na ƙarshe, kuma shi ne ya tuna mana a kai su inuwa. A hanyar dawowa ya ce zai gaya wa likitan kamfani gaskiya, zai kuma karɓi sabon jirgin in sun yarda da shi. Sannan ya roƙe ni in raka shi ƙauye, wai ba zai iya shiga shi kaɗai ba.

Labari ya riga mu isa, don Shukri ba ya riƙe magana. Mun tarar da Hajji Baiyumi a cikin lambu, tsakiyar amyoyinsa, da gwangwanin hayaƙi a hannu. Midhat ya kama ƙyauren zai tura.

"Tsaya nan!" Tsohon ya daka tsawar da ban taɓa jin irinta daga bakinsa ba. "Kada ƙafarka ta shigo."

Midhat ya saki ƙyauren. Na ga kafaɗunsa sun faɗi.

"Baba, ka bari in yi maka bayani."

"Ka ja da baya, na ce. Can bakin hanya. Gabir, ja shi."

Na ja shi, raina a ɓace, ina shirya maganar da zan faɗa wa tsohon nan ko da zai kore ni har abada. Hajji ya ajiye gwangwanin, ya fito, ya ja ƙyauren ya rufe. Ya cire rawaninsa ya warware shi, ya kakkaɓe. Ya tuɓe jallabiyarsa a gaban mutane, ya juya ta, ya bi hannuwan da wuyan da aljihun da yatsa. Ya tsefe gemunsa. Ya juya mini baya, daga shi sai 'yar shara da wando.

"Duba mini da kyau, ɗana. Idona ba ya gani sosai. Akwai wani a jikina?"

"Babu, ya Hajji."

"Ka tabbata?"

"Babu ko ɗaya."

Sai a lokacin ya taka zuwa bakin hanya, ya rungume ɗansa.