Kejin Ɓeran Masar Ɗina

"Wannan nake so, Baba!"

Na rungume wani ɗan keji mai koren fenti a shagon kafinta a unguwar Tandabawi, na ƙi saki. Shekarata takwas a lokacin, a Makka ta wajen alif ɗari tara da sittin da wani abu. Maƙwabciyarmu ce ta ba ni ɓeran Masar, kwanansa biyu a kwali.

Baba ya durƙusa ya auna kejin da hannu.

"Ya binti, 'yata, in ya shiga nan, ta ina zai juya?"

"Ai ƙarami ne, Baba."

"Ni ma ba ƙato ba ne. Da muka tsallako daga Sudan, kwana huɗu na yi a jirgin ruwa gwiwata a ƙirji. Ga abinci ga ruwa, amma wallahi wurin miƙe ƙafa kawai nake roƙon Allah."

Ban taɓa jin ya ambaci tafiyar nan ba sai ranar. Na ajiye kejin.

Ya sa aka haɗa wani babba mai raga, ko fenti babu. Da muka kai shi saman soro ya cinye rabin wurin da Baba yake shimfiɗa tabarmarsa, Umma ta yi ta mita. Muna saka ɓeran ya zuba da gudu daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Baba ya yi dariya har da hawaye.

Allah Ya yalwata maka kabarinka, Baba.

Ku fa, wace magana iyayenku suka faɗa sau ɗaya tak, har yau tana ranku?